Ƙasar unguwarmu za ta iya riƙe hanya, ko dole sai mun sayo dutse?

Abu_Tuba:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san aikin hanya. Muna wata sabuwar unguwa ne bayan Tuba, a yammacin Accra, ta gefen da ya gangara wajen Kokrobite. Layin da ya haɗa mu da kwalta bai wuce mita 600 ba, amma daga Mayu zuwa Yuli ko mai aboboya, wato babur ɗin kaya mai ƙafa uku, ba ya yarda ya shigo, balle tasi. Masu gidaje mun yi karo-karo, kuɗi sun ɗan taru, sai kan kwamiti ya rabu biyu. Wasu sun ce a sayo fasasshen dutse a zuba, ko da rabin layin kawai kuɗin za su kai. Mu kuma muka ce ga jar ƙasa a tudun da ke bayanmu, ga yashi jibge ta bakin teku, me zai sa mu biya kuɗin mota daga nesa? To ƙasar wuri za ta iya riƙe hanya a gefen teku, ko asarar kuɗin mutane za mu yi?

Dan_Fadama:
Wa alaikumus salam. Araha ba ta ado, Malam Abu. Ku sayi dutse ku huta.

MaiTifa_Ashaiman:
Wa alaikumus salam. Ni tifa nake ja, yashi da dutse da jar ƙasa duk ina ɗauka. Dan_Fadama, ba na ƙin maganarka, amma ka san galibin abin da kake biya a lodin dutse ba na dutsen ba ne, na gas ne da taya da go-sulo. Mota ta taso daga Shai Hills ko ta wajen Nsawam, ta ratsa Accra, ta tsaya a mahaɗar Mallam, kafin ta kai Tuba rabin yini ya tafi. Duk wannan a kanku yake. Saboda haka tunanin su Malam Abu ba shirme ba ne.

Inda gizo ke saƙa shi ne jar ƙasa ba iri ɗaya ba ce. Ka tsaya a bakin ramin da ake haƙa ka dubi bangonsa, hawa uku za ka gani. Na sama baƙi-baƙi ne da saiwoyi, wannan na noma ne. Na tsakiya shi ne marmara, mai tsakuwa ja, ka dumbuza a hannu ka ji tana sukarka. Na ƙasa kuma laushi gare shi, ja da ɗigon fari da rawaya, yumɓu ne zalla. Mai loda idan ba a tsaya a kansa ba, duk ukun yake kwasowa da cokali ɗaya ya zuba maka, a karɓi kuɗin marmara. Idan za ku saya, ku ajiye mutum a bakin ramin daga lodin farko har na ƙarshe.

Mma_Wakye_Shukura:
Ni dai ku maza damina kawai kuke gani. Ku zo ku tambaye mu masu sana'a a bakin hanya abin da jar ƙasa ke yi da hunturu. Ka rufe tukunya, ka rufe tire, okada ɗaya ya wuce komai ya yi ja. Shanya ba ta yiwuwa, yara kullum tari. Duk wanda zai zuba burji a ƙofar gidajen mutane ya faɗa musu gaskiya, taɓo ya canja musu da ƙura.

Injiniya_Madina:
Salam. Malam Abu, amsar a taƙaice: eh, tana iya riƙewa, da sharuɗɗa. Yawancin hanyoyin Gana, har da masu kwalta a kai, marmara ce a ƙarƙashinsu. Ba sabon abu kuke son ƙirƙirowa ba. Amma kun fara muhawarar daga tsakiya. Kafin a yi gardamar me za a zuba, sai an san abu biyu: me ke ƙarƙashin layin yanzu, kuma ina ruwan zai tafi.

Ku haƙa ramuka uku ko huɗu a tsawon layin, zurfin mita ɗaya, musamman inda ya fi kwari. Ku bar su su kwana a rufe da katako saboda yara. Idan da safe kun tarar ruwa ya tsatso a ciki, to ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa, kuma wannan shi ne ciwon bakin teku. Ƙasa mai laushi tana tsotso ruwa daga ƙasa zuwa sama, sai ka ga hanya ta jiƙe ta ciki alhali kwana biyu ba a yi ruwan sama ba. A irin wannan wurin ko dutsen Shai Hills ka zuba, taya zai danna shi ya nutse cikin laka, lakar ta taso ta cike tsakaninsa. Shekara ta zagayo ka nemi dutsenka ka rasa.

Abin da aka saba bi shi ne tsakiyar hanya ta ɗara ƙasan gota da kamar santimita 75. A yi mata doro, kowace mita ɗaya daga tsakiya zuwa gefe ta sauka santimita 4 zuwa 6, don ruwa ya zame maimakon ya kwanta. A zuba ƙasar hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce santimita 15 bayan an daɓe, a yayyafa ruwa, rola ta bi ta kai. Wanda ya juye tifa goma ya baje da shebur ya ce motoci za su danne masa, bai yi hanya ba.

Sannan gotar ta zama tana da inda take zubarwa. Gotar da ta ƙare a bangon wani, tafki ce.

Abu_Tuba:
Allah ya ƙara ilimi, Injiniya. Maganar yashin teku fa? Wani dattijo a kwamitinmu ya ce idan aka cuɗa shi da jar ƙasa ta fi ƙarfi.

Injiniya_Madina:
Dattijon yana da gaskiya ta wani gefen. Idan marmara ta cika danƙo, ana cuɗa ta da yashi don danƙon ya ragu, ta daina santsi da tsagewa. Amma yashi mai kaushi ake so, na rafi, ko garin dutse. Na bakin teku ƙwayarsa kusan girma ɗaya ce, ruwa ya goge ta ta yi sumul, ba ta kama juna. Ga gishiri. Kuma ɗibarsa laifi ne a doka.

Baba_Keta:
Ɗana Abu, don girman Allah ku cire yashin teku daga lissafinku. A Keta aka haife ni, mahaifina fataucin albasa da gishiri ya kai shi can. Wurin da muka yi wasa muna yara yau jirgin masunta ke wucewa ta kai. Tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965, yashin da kogin Volta ke kawowa bakin teku ya ragu, teku ta shiga cin gari. Sai da gwamnati ta yi babban aikin kare gaɓa da aka kammala a 2004, aka jera manyan duwatsu, aka yaso yashi daga cikin tafkin Keta aka cike wuri, aka ɗora hanya a kai. Duk da haka a Nuwamban 2021 igiyar ruwa ta shiga gidajen mutane a Kedzikope da Agavedzi da Salakope, dubbai suka rasa wurin kwana. Fuveme kuwa kusan babu ita.

Kowace tifa da aka ɗiba a bakin Kokrobite ko Bortianor, katangar wani aka rage wa kwana. Ku je Glefe ku gani da idonku, ba nisa.

Dan_Fadama:
To Baba, ai kai da kanka ka ce yashi aka cike aka ɗora hanya a Keta. Kenan yashi na yin hanya.

Baba_Keta:
Na tafki ne, ɗana, ba na gaɓa ba, kuma da jirgin yasa aka yi, da injiniyoyi, da duwatsun da kowane ɗaya sai babbar mota. Yashin cikawa ya yi, ba shi taya ke takawa ba.

Zainab_KNUST:
Ina ajin ƙarshe a fannin gine-gine a Kumasi, bari in ƙara kaɗan a kan bayanin Injiniya. Akwai gwajin da za ku iya yi a gida kafin ku kashe ko sidi ɗaya. Ku samu kwalba mai haske, ku zuba ƙasar tudun nan har kusan rabi, ku cika da ruwa, ku girgiza sosai, ku ajiye. Tsakuwa da yashi za su kwanta nan take. Mai laushi za ta biyo baya a hankali. Yumɓu kuwa zai bar ruwan a gurɓace har gobe. Da ido za ku ga kason kowanne a jikin kwalbar. Idan mai laushin ta fi yawa, ba ta hawan sama ba ce.

Na biyu, ku tankaɗe tsakuwar, ku jiƙa garin kaɗan, ku murza shi a tafin hannu. Idan ya yi dogon zare siriri bai karye ba, danƙo ya yi yawa. Idan ko kaɗan ya ƙi murzuwa yana wargajewa, babu abin da zai riƙe tsakuwar, da rani za ta watse hanya ta yi gargada. Tsaka-tsaki ake nema.

Amma wannan duk share fage ne. Gwajin gaskiya shi ne CBR. Ana daɓe ƙasar a cikin wani ƙarfe, a jiƙa ta cikin ruwa kwana 4, sannan a danna a ga ƙarfin da ya rage mata. A babbar hanya ana neman maki 80 a hawan da ke ƙarƙashin kwalta, 30 a na ƙasansa. Layin unguwa ba ya buƙatar kai 80. Cibiyar binciken gini da hanyoyi ta BRRI da ke Fumesua kusa da mu shekara da shekaru suna nazarin marmarar ƙasar nan, kuma a Accra ma akwai ɗakunan gwaji. Kuɗin gwada buhu biyu ba zai kai na lodi kaɗan da za ku yi asara ba idan ƙasar ba ta da kyau.

Malam_Birkila:
Masha Allah, 'yata, Allah ya ba da sa'ar jarrabawa. Ni ban yi boko ba, gini na tashi a ciki. Abin da kuke faɗa da Injiniya daidai yake da daɓen ɗaki da iyayenmu mata ke yi a arewa. Su baje tsakuwar marmara, su yayyafa ruwan makuba na ɓawon ɗorawa, su jeru da madaɓi suna bugu suna waƙa. Ba sa kwarara ruwa, ba sa kuma bugun busasshiya. Sai ƙasar ta kai yadda in ka dunƙule ta a hannu za ta tsaya, ba ta ɗiga ba, ba ta manne maka a yatsa ba. Daɓen nan sai ya yi shekaru ana shara a kai. Ƙasar ɗaya ce da ta tsakar gida, bugun ne ya bambanta su.

Kuma Abu, ku lura da lokaci. Kada ku fara a Mayu don ganin mutane sun matsa. Ku bari ruwan Oktoba ya ɗauke, ƙasa na da sauran laima, a lokacin kuɗin tankar ruwa ma zai ragu.

Sadik_Bronx:
Wallahi abin takaici ne a 'yan shekarun nan muna zaune muna lissafin yadda za mu yi hanya da kuɗin aljihunmu. Nkrumah ya buɗe Motorway a 1965, kilomita 19 na kankare daga Accra zuwa Tema, ta yi sama da shekara hamsin tana ɗaukar kayan tashar jirgin ruwa. Me ya sa ba za a yi kankare ko'ina ba a huta? Kullum jar ƙasa, kullum faci.

MaiTifa_Ashaiman:
Yaya Sadik, yaushe rabonka da Motorway? Mu da muke binta kullum mun san ramukan da ke cikinta, haha. Ta yi ƙoƙari ba a musu. Amma ka tambayi kuɗin buhun siminti yau. Ana niƙa shi a Tema da Takoradi da Aflao, amma ƙwayar da ake niƙawa daga waje jirgi ke kawo ta, da dala. Dala ta motsa, siminti ya motsa. Kwalta ma haka. Mutanen da suka haɗa karo-karo ba za su iya kankaren mita 600 ba ko da kai za ka turo rabi.

Sadik_Bronx:
In an buɗe asusu zan turo nawa in sha Allah, amma maganata tana nan. Muna biyan haraji a kan kowace litar mai don asusun hanya. An cire kuɗin tolgeti a Nuwamban 2021, aka ce za a samo ta wata hanya. Ina kuɗin suke?

Nima_Boy:
Ai ka san waɗanda suka cire.

Garba_Mamobi:
Su kuma waɗanda suka zo kafinsu da bayansu wace hanya suka yi muku a Nima? Kada ka fara.

Shugaban_Zaure:
Jama'a, a yi haƙuri. Ɗan'uwa tambayar ƙasa ya yi, ba ta jam'iyya ba. Mai son wancan zancen ya buɗe nasa daban. Duk wanda ya ƙara zan goge.

Usman_Prampram:
Mu dawo kan magana. Ina so in ja kunnen masu karatu a nan da ke zaune ta gabas, don kada su ɗauka abin da ya yi wa su Malam Abu zai yi musu. Daga bayan Tema zuwa Prampram, Dawa, har Akuse, akwai baƙar laka. Da rani ta dare, ka zura hannu a tsagar har wuyan hannu. Ruwa ya sauka ta kumbura ta rufe, ta zama sabulu. Mu nan “ƙasar wuri” ita ce matsalar kanta. A layinmu wani ɗan kwangila ya zuba marmara mai kyau a kanta kai tsaye, ya daɓe, kowa ya yaba. Damina ɗaya gefen hanyar ya tsage a tsaye, tsakiya ta yi tudu da kwari. Katangun gidaje ma haka suke tsagewa a nan, wanda ya yi gini a yankin ya sani.

Injiniya_Madina:
Usman ya taɓo wuri mai wuya. Baƙar lakar filin Accra sananniya ce a wajen masu aikin hanya. Hanya uku ake bi da ita: ko a kwashe ta sama a maye da wata ƙasa, ko a danne ta da cikawa mai kauri yadda laimar cikinta ba za ta riƙa canjawa ba, ko a cuɗa ta da laim, wato farar ƙasar da aka ƙona. Laim na kashe danƙon yumɓu, ya rage kumburin. Siminti kuwa ya fi dacewa da ƙasa mai yashi-yashi ko marmara marar danƙo sosai, kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari na nauyin ƙasar kan isa. Mutane na juya abin, su zuba siminti a laka, ya dunƙule guri-guri, kuɗi ya tafi.

A inda ƙasa ke da taushi sosai akwai wani ƙyalle na roba da ake shimfiɗawa kafin a zuba marmara, yana barin ruwa ya wuce amma ya hana laka haɗuwa da abin da ke sama. Malam Abu, idan raminku ya nuna ruwa a kwarin, nan kaɗai za ku sa shi, ba duk layin ba.

Baba_Keta:
Injiniya, laim ɗin nan ai ana yinsa a ƙasar nan tun da. Ɓawon adode, ƙumbar kogin Volta, irin wanda ake tsirewa ana talla a Sogakope, tsibi-tsibi yake a gaɓar Volta ta wajen Battor. Ana ƙona shi a samu farar ƙasar shafe ɗaki, masu kaji ma na saye su niƙa a abinci.

Zainab_KNUST:
Haka ne Baba, sinadarin ɗaya ne da na dutsen laim. Sai dai a samu mai yawan da zai isa hanya, ƙonanne da kyau, shi ne aiki. BRRI ma sun yi aiki a kan ƙona yumɓu a niƙa shi ya maye wani kaso na siminti, pozolana ake kiransa.

Dan_Fadama:
Kun ga abin da nake faɗa? An fara da “ƙasa kyauta a bayan gida”, yanzu an kai gwaji, rola, tankar ruwa, ƙyallen roba, laim. Ku tara duka ku ga ko ba ku wuce kuɗin dutsen ba.

MaiTifa_Ashaiman:
Dutsen ma sai an yi masa gota da rola, Malam. Ba madadin juna ba ne.

Hamza_Takoradi:
Na taɓa jin cewa a Namibiya akwai hanyar bakin teku da aka yi da ruwan gishiri, ba kwalta, kuma sumul take. Idan haka ne me ya sa ake tsorata mu da gishiri? Mu da muke da tafkin gishiri na Songor a Ada da filayen gishiri a bakin Densu, kusa da su Malam Abu ma.

Injiniya_Madina:
Gaskiya ne, daga Swakopmund zuwa Henties Bay an daɗe ana bin irin wannan hanyar kafin a sa mata kwalta. Ƙasar wurin ake daɓewa da ruwan gishiri, ta ƙanƙame ta yi baƙi har baƙo ya ɗauka kwalta ce. Amma hamada ce, ruwan da suke samu a shekara bai kai milimita 20 ba. Accra, da ake ce mata busasshiya a kudancin Gana, tana samun wajen 800, kuma rabonta mai yawa a 'yan makonnin Mayu da Yuni yake zuba. Ku ta yamma, Axim na haura 2,000. Ruwan farko zai narke gishirin ya bar muku santsi.

Wata illar kuma: idan kuna da niyyar sa kwalta siririya nan gaba, gishirin da ke cikin ƙasa yana tasowa ya daskare a ƙarƙashinta, ya ɗaga ta ta yi ƙuraje ta ɓare. Don haka ko ruwan yayyafi kada a ɗebo daga tafkin gishiri saboda ya fi kusa.

Mma_Wakye_Shukura:
Har yanzu ba wanda ya amsa mini maganar ƙura.

Hajiya_Tuba:
Mma, ni na ji ki. Unguwar da Abu ke magana nan nake, kuma ni ma na sa kuɗi. Amma bara da idona na ga an ɗauko mai naƙuda a kujerar roba, maza huɗu, cikin dare, har bakin kwalta, don mota ta ƙi shiga. Gawa ma a kafaɗa muke fitar da ita cikin taɓo har gwiwa. In ƙura ce zan yayyafa ruwa a ƙofata safe da yamma. Abin da nake roƙon kwamiti, a fara da kwarin da ke gaban masallaci, kada a fara daga ƙofar shugaban kwamiti.

Nima_Boy:
Hajiya ta fasa ƙwai, haha.

Garba_Mamobi:
Mma, maganin ƙura a layin gidaje shi ne bulon daɓe. A lungunan Zango da yawa an shimfiɗa shi, kuma yana da daɗin sha'ani: yashi ne a ƙarƙashi, in bututun ruwa ya fashe a cire a gyara a mayar. Ana iya yi kaɗan-kaɗan, bana mita hamsin, baɗi hamsin. Ta wajen Ashaiman har akwai masu yinsa da narkakkiyar leda da yashi. Su Abu su yi marmarar yanzu yadda Injiniya ya ce, ita ce za ta zama gadon bulon daga baya.

Tsohon_Asambuliman:
Shawara ɗaya da ba a kawo ba. Kada ku sa gireda a layin nan ba ku sanar da ofishin gunduma ba. Akwai bututun ruwa, akwai wayoyi, akwai iyakar filaye. Ranar da kuka haƙa gota ta ci ƙafa biyu a filin wani, ko kuka karkata ruwa ya shiga gidan na ƙasa da ku, ranar za ku san kotu. Kuma tudun da kuke cewa “a bayanmu yake”, na wa ne? A yankin nan babu tudun da ba shi da mai shi, wani ma masu shi uku ne, kowa da 'yan tsaron filinsa.

Na biyu, a 2024 an raba wa gundumomi injinan gyaran hanya a ƙarƙashin shirin DRIP, har da gireda da rola da tankar ruwa. Ku rubuta takarda ta hannun asambuliman ɗinku, wato wakilinku a majalisar gunduma, ku ce ku za ku sayi gas da ƙasa. In an dace, kuɗin haya ya dawo cikin kwalbati.

Usman_Prampram:
In an dace ɗin. Mu mun rubuta, har yau ana cewa injin yana wani wuri.

Baba_Keta:
Maganar tudu ta tuna mini. Duk mai bin hanyar Mallam zuwa Kasoa ya san abin da ke faruwa ta wajen Old Barrier in an yi ruwa mai ƙarfi: jar ƙasa ta gangaro daga tuddan da aka sassare aka yi gine-gine, ta rufe kwalta, motoci su kwana a layi. Idan kuka yanke ƙafar tudunku kuka bar shi tsirara, ƙasar da ba ku saya ba za ta sauko da kanta ta cike muku gotar.

MaiTifa_Ashaiman:
Bari in faɗi abin da zai ɓata wa abokan sana'ata rai. Ko kun yi komai daidai, mu ne za mu kashe hanyar. Sabuwar unguwa ce, kowa gini yake. Ranar da layinku ya yi kyau, duk tifar da ke kai yashi da bulo can ciki ta nan za ta biyo, da lodin da ya wuce ƙa'ida, cikin damina.

Zainab_KNUST:
Akwai lissafinsa ma. Gwajin da aka yi a Amurka a ƙarshen shekarun 1950 ya nuna in nauyin da ke kan aksul ɗin mota, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin hagu da dama, ya ninka biyu, ɓarnar da yake wa hanya tana ninkawa kusan sau 16. Tifa ɗaya mai lodi ta fi dubban tasi illa.

Abu_Tuba:
Na gode ƙwarai jama'a, na tura duka wannan a zauren kwamiti. Yashin teku an bar maganarsa, dattijon ma da ya karanta na Baba_Keta bai ƙara tayarwa ba. Ramuka matasa za su haƙa ranar Asabar. Amma masu son dutse sun ce bayanin Injiniya su ya goya wa baya, tunda kwarin gaban masallaci in akwai ruwa a ƙasa dutse zai buƙata. Mu kuma mun ce ai cewa ya yi dutsen zai nutse. Ma'aji kuma yanzu ya kawo ta uku, wai a kashe kuɗin bana gaba ɗaya a gota da kwalbati ɗaya, a bar saman hanyar yadda yake sai baɗi.

Injiniya_Madina:
Ma'ajinku ba ya da nisa da gaskiya, amma sai na ga abin da ramukan suka nuna. Ku ɗauki hoton bangon kowane rami da tef a jiki, da na ruwan in ya taru, ku turo.

Dan_Fadama:
Ku je ku gaya wa mutanen da suka ba da kuɗinsu cewa bana gota kawai za su gani, su ci gaba da taka taɓo. Ku ga ko baɗi wani zai sake ba da sisi.

Hajiya_Tuba:
Ni zan bayar. Amma MaiTifa, tunda kai ka tayar da maganar, idan muka kafa ƙarfe a bakin layin da zai hana manyan motoci shiga da damina, direbobinku za su bari ya kwana? Kuma masu ginin can ciki su ma sun sa kuɗi a karo-karon nan, ta ina bulonsu zai bi?